Darasi: Abin da Dattijo Zai Warware Tun Yana da Ƙarfi

Wanda ya taɓa zama a ƙofar fadar Sarkin Gobir a Tsibiri ranar sauraron ƙara, ko a harabar gidan shari'a na Maraɗi, ya san irin mutanen da ke zuwa. Ga ƴan uba da suka daina gaisawa, ga matar da ta fita takaba ba ta san inda za ta koma ba, ga jika riƙe da wata tsohuwar takarda da gara ta ci gefenta. In ka kasa kunne za ka ji ba kasafai ake musu a kan lissafin rabo ba, domin wannan malamai sun san shi, a rubuce yake tun ƙarnoni. Abin da ake ja a kai shi ne wanda mamaci ya bari a dunƙule. Gonar nan ta bakin gulbi, aro ya ba ƙanensa ko kyauta? Ɗakunan da babban ɗa ya gina a gidan, na wane ne? Kuɗin da aka ce yana bin wani a Jibiya, nawa ne, kuma wa ya shaida? Wanda zai amsa da kalma ɗaya yana kabari.

Wace doka ke aiki a kanmu

Nijar ba ta da dokar iyali guda ɗaya da ta haɗa kowa. An rubuta daftarinta a farkon shekarun 1990, ƙungiyoyin addini suka ƙi amincewa, aka ajiye. An sake tayar da maganar wajen 2011, ita ma ta kwanta. Abin da ke aiki shi ne dokar tsarin kotuna, wadda aka kafa a 1962, aka sabunta a 2004 da 2018. Ta umarci alƙali ya bi al'adar masu shari'a a kan aure, saki, gado, kyauta da wasiyya, da kuma filayen da ba a yi wa rajista ba. A ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi, al'adar nan galibi fiƙihun Malikiyya ce, wadda ake karantawa a zaure cikin Risala da Muhtasar, gauraye da abin da aka gada na gargajiya. Shi ya sa za ka ga mutum biyu zaune kusa da alƙali, yawanci malamai, suna ba shi shawara.

Sarakuna kuwa doka ta ba su ikon sulhu. Rigimar gona tana farawa wurin mai gari ko mai unguwa, ta hau zuwa fada, kuma sai sulhu ya gagara ake wucewa kotu. Mutumin Tsibiri kotunsa tana Gidan Rumji, na Jiratawa tasa tana Madarunfa, na cikin birni kuma Maraɗi. Duk inda aka sasanta, a nemi takardar sulhu mai sa hannu da hatimi. Sulhun baki da safe ake yin shi, da marece wani ya ce ba haka ya fahimta ba.

Abu huɗu, kowane da layinsa

In mutum ya rasu, dukiyarsa ba ta zama gado nan take. Da farko a fitar da kuɗin likkafani da binnewa. Sai a biya bashi, ko da zai cinye dukiyar duka, kuma sadakin mata da ba a cika ba yana cikin bashi. Bayan nan a zartar da wasiyya, muddin ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage ba. Abin da ya saura shi ne gado, wanda Suratun Nisa'i ta yanke rabonsa a ayoyi na 11, 12 da 176.

A lura, abincin sadakar uku da bakwai da arba'in ba ya cikin jerin nan. Manyan magada na iya yi daga aljihunsu in suna so, amma a yanka ragon marayu a dafa wa baƙi, wannan cin haƙƙi ne ko da niyya mai kyau aka yi.

Mu ɗauki misali, mu yi lissafin tare. Wani dattijo ya rasu, iyayensa sun riga shi. Ya bar mata 2, ɗiya maza 2 da ɗiya mata 3. An yi wa gida da gona da bisashe kuɗi, suka kama sefa 4,000,000. Jana'iza ta ci 50,000, bashi 350,000, saura 3,600,000. Iyakar wasiyyarsa 1,200,000 ke nan, amma 400,000 kawai ya yi, ga wani jikansa maraya. Saura 3,200,000. Tumunin takaba, wato kashi ɗaya cikin takwas, ya kama 400,000, matan biyu su raba, kowace 200,000. Ragowar 2,800,000 a kasa ta 7, tunda kowane namiji kaso biyu gare shi, kowace mace ɗaya. Kowace ɗiya ta tashi da 400,000, kowane ɗa 800,000. Da mahaifiyar mamacin na raye, da ta karɓi kashi ɗaya cikin shida, lissafin ya canza. Da kuma ɗaya daga cikin matan na da ciki, da an dakata har ta haihu. Irin waɗannan ne ke sa a kira malamin da ya karanci ilimin rabon gado, ba duk mai rawani ba.

Ku sake duban jikan nan. Ubansa ya rasu kafin kakan, kuma tunda akwai baffanninsa a raye, ba shi da komai a gadon. Sau da yawa shi ne yaron da ya tashi a gaban tsohon, shi ke kai shi masallaci, shi ke ɗebo masa ruwan alwala. Ba don wasiyyar nan ba, da hannu sake zai fita. Haka ɗan riƙo, haka agola, haka yaron gida da ya yi shekara ashirin yana yi maka hidima. Ƙofar da shari'a ta buɗe musu ita ce wasiyya, kuma mai dukiya kaɗai ke iya buɗe ta.

Ba a yi wa magaji wasiyya, sai in sauran magada sun yarda. Ana iya rubuta ta da ajami, da boko ko da Larabci, amma rubutun hannun mamaci da aka tsinta cikin gafaka ba tare da shaidu ba yana da rauni ƙwarai a wurin Malikiyya, domin mai yiwuwa ya rubuta ne ya sake shawara. A kira mutum biyu amintattu, a karanta musu, su sa hannu, a sa kwanan wata. Mai hali a cikin birni na iya ajiye tasa wurin notar. Kuma mutum na da ikon canza wasiyyarsa duk ranar da ya ga dama.

Kyautar da ba ta bar hannu ba

Nan ne gidaje da yawa ke faɗawa rami. Uba ya ce wa ɗiyarsa a gaban mutane, na ba ki gonar gabas. Kowa ya ji, an yi godiya. Amma ya ci gaba da nome ta, hatsin na shiga rumbunsa, har ya rasu. A fiƙihun da kotunanmu ke bi, kyautar nan ta faɗi, gonar ta koma cikin gado, domin wanda aka ba bai karɓa a hannu ba tun mai bayarwa na da rai da lafiya. Kyauta tana tsayawa ne in an nuna iyaka, mai ita ta shiga, ta noma ko ta sa an noma mata, ko ta ba da haya da sunanta. Yaro ƙarami ne kawai uba ke iya riƙe wa, shi ma da shaidu.

Gidan zama ya fi wuya. Miji ya ce ya ba matarsa gidan da suke ciki, alhali bai fita daga cikinsa ba har mutuwa, malaman Malikiyya ba su ɗauki wannan a matsayin karɓa ba. Wanda ke tausayin matar da ba ta haihu da shi ba, yana gudun kada ƴaƴan kishiya su fitar da ita bayan wata huɗu da kwana goma na takaba, ya ba ta abin da za ta iya riƙewa da kanta tun yanzu: fili dabam da takardarsa, ko gona, ko shago, ko bisashe. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, ba ta kuma zuwa ga magaji.

Wani zai ce, to bari in rabar da komai tun ina raye in huta. A yi hattara ta fuska biyu. Fifita wasu ƴaƴa a kan wasu abin ƙi ne, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir sananne ne a kan haka. Sannan tsohon da ya tuɓe duk abin da ya mallaka ya koma mai jiran a ba shi, kuma ba kowane ɗa ke tuna alheri ba in damina ta yi gardama. Ya rage wa kansa abin da zai ci da abin da zai sayi magani.

Gona, da rabon mata

A tsarin da, gandu ba a cika raba shi ba. Mai gida ya rasu, babban ɗa ko ƙane ya ɗauki ragama, mata kuma su noma gamanar da miji ya yankar musu muddin aure na nan. Ana cewa ɗiya mace ta gidan wani ce, don haka ba ta gadon ƙasa. Tsarin ya yi aiki lokacin da daji ke da faɗi. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Maraɗi na da mutum fiye da miliyan 3 da dubu 400, kuma binciken lafiya na shekarar ya sami matsakaicin haihuwa fiye da 8 ga kowace mace a jihar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki talatin ke kallon ta.

A 2004 wasu masu bincike biyu, Marthe Doka da Marie Monimart, sun wallafa nazari a kan kudancin jihar nan, har da Jiratawa. Sun sami cewa ƙarancin ƙasa na fitar da mata daga noma, har ana kiran abin kublen gona: mace ta zauna gida, ba don mijinta ya wadata ta ba, sai don babu gamanar da zai ba ta. Sun kuma ga mata sun fara neman rabonsu ta hanyar shari'ar Musulunci, wadda ta ba su abin da gargajiya ta hana. Duk da haka dabarun hanawa suna nan. Yaya ya ce bari in riƙe miki, shekara goma ta wuce ba ta ga ko dami ba. Ko a yi wa kasonta kuɗi da arha, a ba ta a tsinke har ya narke a cefane. In gonar ta yi ƙanƙanta da ba ta rabuwa, akwai hanyoyi na halal: a noma tare a raba amfani, ko a ba da haya a raba kuɗin, ko wani ya sayi kason wani da farashin da mutanen waje suka yanke, da yardar mai shi ba da kunya ba. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maraɗi a 1991, wuri ne mai kyau na tattauna wannan, don mace ɗaya tana jin nauyin yayanta, amma mata talatin suna iya rakiyar ta fada.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, waɗanda ake samu a ƙauye, a komin da kuma a gunduma. Suna ba da takardar shaidar mallakar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina. Aro da jingina su suka fi bukatar takarda, domin in mai gona da wanda aka ara wa duk sun rasu, ƴaƴan mai aro sun buɗe ido sun ga ubansu na noma wurin, ba wanda zai gamsar da su cewa ba tasu ba ce.

Mutanen Jiratawa suna da wani abu na dabam. Filayen noman rani da gwamnati ta gyara, masu faɗin hekta 500 da ɗoriya, a ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA da ƙungiyar manoma suke. Manomi haƙƙin noma gare shi bisa yarjejeniya, yana biyan kuɗin ruwa, ƙasar kuwa ba irin gonar gado ba ce da za a yanka wa kowa. Dattijo mai fili a can ya zauna da iyalinsa da shugabannin ƙungiya, a san wanda zai ci gaba da noma, da abin da zai riƙa ba sauran, da bashin ruwan da ke kai. A gefen birni kuma, inda gonakin da ke tsakanin Maraɗi da Tsibiri ke komawa filayen gini, a duba sunan da ke kan takardar fili. Da yawa an saya an gina, takardar na ɗauke da sunan mai shi na farko har yau.

Tsohon da ke raye

Ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ƴaƴan da ke da hali, maza da mata, kowa gwargwadon samunsa. A zahiri nauyin kan faɗa wa mutum ɗaya, yawanci ɗiya ko matar ɗa, ita ce wanka, ita ce wanki, ita ce kwanan likita. Na Legas da na Agadas suna aiko kuɗi ta Nita ko Amana in sun tuna. Ranar rabo kuwa jinya ba ta ƙara wa kowa ko dala. Saboda haka a yi maganar tun da wuri: wa ke kawo hatsi, wa ke sayen maganin hawan jini da na sukari, me za a ba mai jinya. Uban da ke son saka mata ya ba ta a hannu tun yana da lafiya.

In ƙafa ta gaza, tsoho na iya wakilta wani ya karɓo masa fansho ko ya je banki, da takardar wakilci da aka tabbatar a ma'aikatar magajin gari. Wakilci yana ƙarewa da mutuwa. Duk abin da aka cire daga asusu ko daga waya bayan rasuwa, na magada ne duka. In kuma gigin tsufa ya kama mutum, yana mance sunan ƴaƴansa, yana fita da dare, to cuta ce, a kai shi likita, kada a bari a jefi tsohuwa da maita. Cinikin da ya yi a wannan hali ba ya tsayawa. Ɗan da ya kama yatsan ubansa ya dangwala a takardar sayar da gona ya sani ana rushe irin wannan a kotu. Hanya ita ce dangi su taru, a je gaban alƙali, a naɗa mai kula da dukiyar.

Wahalar ita ce fara maganar dukiya da tsoho, don ana ganin kamar kiran mutuwa ne. Ga yadda wata ɗiya ta ɓullo wa nata mahaifin, bayan ta ajiye masa fura:

"Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, wata tambaya gare ni in ba ka gaji ba."

"Ina jin ki, uwata."

"Shanun nan da ke wurin Fulani, jiya Yaya ya ce biyar ne, Inna ta ce bakwai. Na ce bari in tambayi mai su."

"Bakwai ne, amma biyu na gwaggonku ne, ajiya ta ba ni tun shekarar da aka yi fari."

"Ka ga, Baba, wallahi ba wanda ya san haka cikinmu. Ko in ɗauko littafi ka faɗa ina rubutawa? In liman ya zo gobe sai ya sa hannu."

"Ke dai kin cika wayo. Ɗauko. Ki fara da na mai shagon bakin tasha, jikka arba'in yake bi na."

Ba ta ambaci mutuwa ba, ba ta tambayi rabonta ba. Ta fara da abin da ke hannunsa na mutane, wanda kowane dattijo mai tsoron Allah yake son ya sauke. Alhazan Maraɗi sun gina kasuwancinsu a kan amana da riƙe lissafi a ka, daga nan har Kano da Kwatano, amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Littafin da ɗiyar ta ɗauko ya kamata ya ƙunshi wanda ake bi da wanda ke bi, ajiyar mutane, zubin adashi, gonar da ke jingine, da abin da ɗa ya gina ko ya zuba a shagon uba da kuɗinsa.

Takardun bayan rasuwa

A kai sanarwar rasuwa ma'aikatar magajin gari ba da jinkiri ba, a karɓi takardar mutuwa. In wa'adi ya wuce sai ta hanyar kotu, da shaidu da kashe kuɗi. Sannan dangi su zauna, a rubuta sunayen magada duka, har na goye da wadda ke aure a nesa, a zaɓi wakili, a kai kotu ta tabbatar, a karɓi takardar shaidar magada. Da ita banki ke sakin kuɗi. Wanda ya yi aikin kamfani, fanshon matansa da marayunsa yana wurin CNSS, ma'aikacin gwamnati kuma CARENI, kuma dukansu za su nemi takardar aure da ta haihuwar yara. Auren da aka ɗaura shekara arba'in da goro da shaidu amma babu takarda, a nema masa ita yau tun mijin na iya zuwa da ƙafarsa.

Kada a jinkirta rabo da sunan kunya. In aka bar shi shekaru, wasu magadan su rasu, nasu magadan su shigo, gado ɗaya ya koma uku a cikin juna. Kason marayu a damƙa shi ga wanda uban ya yi wa wasicci, ko wanda alƙali ya naɗa, a rubuta abin da aka ba shi a gaban shaidu.

Aiki

1. Wata mata ta rasu ta bar miji, ɗa 1 da ɗiya mata 2, iyayenta sun riga ta. Bayan jana'iza da bashi, sefa 800,000 suka rage, babu wasiyya. Miji yana da kashi ɗaya cikin huɗu. Nawa kowa zai samu?

2. Wani ya ce ya ba ɗansa babba shago, amma shi ke zama ciki yana karɓar ciniki har ya rasu. Ku tattauna: shagon na wane ne, kuma me ya kamata a yi tun farko?

3. Kafin zama na gaba, kowa ya binciko wanda ke riƙe da takardun Kofo a garinsu ko unguwarsu, da kuɗin da ake biya don takardar aro da ta jingina.